Sai Bayan Bikin Coci

Lipina, 19 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Lorene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Ray da yara, da duk mutanen Houston. Ki daina kiran wayar nan. Ina ganin fitilarta tana ƙyaftawa, in ɗauka, in ji kamar daga cikin rijiya ake magana. Kunnen hagu ya daɗe da mutuwa, na dama yana kan hanya. In kina da magana ki rubuto, hannunki bai karye ba.

Bayan haka, ga abin da ba ki tsaya kin gani ba. Ranar da kika tafi, furannin kabarin Mama ko yaushi ba su yi ba, yayanki Alfons ya zo da tirela ya kwashe shanun nan goma sha huɗu. Washegari ya aiko aka tuƙa tarakta. Na fito da gari a hannu na ce, "Fonsi, ina za ka kai su?" Ya juyo ya wage baki yadda ake yi wa kurma, ya ce, "Nawa ne. Koma ciki, kada rana ta buge ki." Shekarata sittin da bakwai. Ni na wanke masa kashi, yau ni yake korawa ɗaki kamar kaza.

Ya kai tsohuwar wasiyya kotu, wadda lauya ya rubuta tun Baba na da rai, wai a raba komai uku, shi ne mai rabo, wato mai raba gadon. Kin san ma'anar raba uku. A sayar da gidan da eka arba'in ɗin nan ga masu haƙar tsakuwa, ni kuma a nema mini wurin raɓawa.

To akwai wata wasiyyar. Na ɗauko littafin girkin Mama zan duba awon yis, sai ga ta a bayan shafin kolaci, burodin zaƙin nan da ta iya, da hannunta, da kwanan watan Talatar bayan Ista, shekara biyu da suka wuce. Ga yadda ta rubuta: "Gidan nan da filinsa da kabarin da ke gefena na Vlasta ne, ita za ta yi rabo. Abin da ya rage na Alfons da Lorene ne. Ludmila Holub." A ƙasa akwai tabon man shanu. Na zauna a ƙasan ɗakin girki na yi kuka. Shekara goma sha ɗaya ina juya ta, ina ba ta a baki, ba ta taɓa ce mini sannu ba. Ashe a nan ta ajiye ta.

Na kai wa tsoho Pruitt, lauyan da ke kusa da gidan waya. Ya ce takardar da mutum ya rubuta kakaf da hannunsa ya sa suna, ko babu shaida, wasiyya ce. Na ba shi lambarki. In yana da maganar gaggawa ya kira ki, ke kuma ki rubuto mini.

Na je maƙabarta ranar Lahadi, na tarar da Alfons a durƙushe yana cire ciyawa a kabarin 'yarsa Josie, yana share gurbinsa da ke gefenta. Shekara talatin da ɗaya yarinyar nan tana ƙasa, bai taɓa fashin Lahadi ba, wannan kam ba zan ci masa ba. Baba ya yi hangen nesa da ya sayi gurbi shida a jere tun ana samu, yanzu ko taku ɗaya babu na sayarwa. Na gaishe shi, bai ɗago ba.

Ni ba rigima nake so ba, Lorene. A gidan nan aka haife ni, daga nan nake so a zo a ɗauke ni.

Ki gaida kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Vlasta

Ofishin Kwamishinan Gunduma, Shiyya ta Biyu
6 ga Yuni

Vlasta,

Bayan gaisuwa. An nuna mini hoton takardar da kika ce kin tsinta a littafin girki. Na yi dariya, matata Charlene ma ta yi. Shekara biyu da suka wuce Mama da sunan Baba take kiran kare. Wanda ya riƙe mata cokali shi ya riƙe mata alƙalami, wannan ko yaro ya sani.

Kina ta yi wa mutane gorin shekara goma sha ɗaya. Bari in tuna miki. Shekara goma sha ɗaya ba ki biya haya ba, ba ki sayi ko ƙwai ba. Kin ci, kin sha, kin kwana a inuwa. Ba jinya ce ta hana ki tafiya ba, babu dai inda ake nemanki.

Ga abin da zan yi miki saboda zumunci. Akwai ɗakunan tsofaffi a bayan asibiti, na sa an rubuta sunanki. Ɗaki ɗaya da banɗaki, da ƙarfen dafawa a bango. Har da fitilar da ke kamawa in an ƙwanƙwasa ƙofa, don irinku. Ki janye takardar man shanun nan, ki karɓi kasonki, ki huta.

In kuwa kotu kike so, to madalla. Alƙali Kessler zai saurare mu. Ya san Mama, ya san ni, ya san ki.

Na bar ki lafiya.

Alfons J. Holub
Kwamishina

Lipina, 8 ga Yuli

Lorene ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da katin da kika aiko, ko da yake kati ba ya faɗin komai sai abin da kanti ya buga a kai.

Ga kwafin wasiƙar yayanki, ki karanta ki ga tarbiyya. "Ya san Mama, ya san ni." Ai sanin ne ciwon. Dub Kessler abincin dabbobi yake sayarwa, ƙuri'a ce ta ɗora shi a kujerar alƙalin gunduma, bai taɓa leƙa ajin shari'a ba. Duk Nuwamba shi da Alfons suna bukka ɗaya suna dakon barewa, suna shan giya daga akwati ɗaya. In miƙa masa wasiyyar Mama, na ba kura ajiyar nama ke nan.

Jiya na koma wurin Pruitt. Da yake ya gaji da ɗaga murya, rubuta mini yake yi, ni in amsa da baki. Ya rubuta, "Tunda akwai jayayya, kina da ikon neman a turo alƙalin gado daga birni, wanda aikinsa ke nan." Na ce, "Alƙalin aro ke nan?" Ya yi dariya ya rubuta, "Haka mutanen kotu ke kiransu." Na ce, "To wa zai biya man motarsa da masaukinsa da ladan zamansa? Ni fanshon dafa abincin 'yan makaranta gare ni." Ya rubuta da manyan baƙaƙe, "GUNDUMA," ya ja layi biyu a ƙasa.

Lorene, tun rasuwar Mama ban yi dariya irin ta jiya ba. Gundumar da Alfons ke kwance a kan asusunta kamar kaza a kan ƙwai, ita za ta biya wanda zai zo ya karanta masa rubutun uwarsa. Pruitt ya ce takardar neman shafi ɗaya ce, kuma da an shigar da ita dole Kessler ya cire hannunsa. Zan sa hannu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Tumatir ya yi yawa bana, babu mai ci. Na cika kwalabe ashirin, shida naki ne.

Yayarki mai kewarki,
Vlasta

Houston, 14 ga Yuli

Yaya Lasta tawa,

Gaisuwa irin ta kewa, da addu'ar Allah ya ƙara miki lafiya da haƙuri. Na karanta wasiƙarki sau uku, a na biyun na yi kuka. Ina bayanki ɗari bisa ɗari. Gidan naki ne, kowa ya san wadda ta sha wahala.

Amma abu ɗaya nake roƙonki, don girman Allah da darajar Mama. Bikin coci saura mako takwas. Kin san al'adarmu, daga yankan masara har Lahadi ta farko a Satumba ba a kai ɗan coci kotu, ba a tono tsohuwar gaba. Ko Baba da Kawu Vince, da suka shekara tara ba sa ga maciji a kan maganar shinge, tukunyar nama ɗaya suke juyawa ranar biki.

Bana kuma Fada, limamin cocinmu, ya ce za a sa wa rumfar kolaci sunan Mama, tunda shekara hamsin ta yi tana riƙe da ita. Fonsi ne mai gwanjo. Ki duba yadda abin zai kasance. Sunanta a kan allo, 'ya'yanta kuma a shafi na biyu na jarida, wai 'yar Ludmila Holub ba ta yarda da alƙalin garinsu ba, ta aika a kawo baƙo. Matan rumfa sun samu abin taunawa har Kirsimeti.

Na kira Fonsi na yi masa tatas. Ya yi mini alkawari ba za a zauna a kan maganar ba sai Oktoba. Kin ga babu abin da za ki rasa. Takarda ce shafi ɗaya, ba ta ruɓewa. Ki bari sai bayan biki, Yaya. Ki gasa kolacin Mama, mu tsaya mu uku a rumfarta ko da sau ɗaya ne. Talatar bayan biki ni da kaina zan kai ki wurin lauya a motata.

Ki ajiye mini tumatirin, babu mai irin hannunki. Ray yana gaisuwa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki har abada,
Lorene

Lipina, 10 ga Satumba

Lorene,

Ina gaisuwa. Da fatan ciwon bayan Ray, wanda ya sa kika koma tun da safiyar Litinin, ya yi sauƙi.

Dozin tamanin na gasa, kin gani da idonki. Kwana uku a tsaye, har yau ƙafafuna ba sa shiga takalmi. Na tsaya a tsakiyarku aka ɗauki hoto. Alfons ya dafa kafaɗata, ya karɓi lasifika ya yi magana, mutane suka tafa. Ke kika rubuta mini a takardar naɗe kolaci cewa ya ce babu kamar yayarmu Vlasta. Har na ji kunyar abin da zan yi masa ranar Talata.

Jiya na tuƙa kaina zuwa ofishin Pruitt, na ce na zo sa hannu. Sai ya rubuta, "Kin yarda ki ɗauki nauyin kuɗin ke nan?" Na ce, "Wane kuɗi? Ba kai ka ja layi biyu ba?" Sai ya cire tabarau, ya cika mini shafi guda. Majalisar jiha ta yi sabuwar doka, shi ma sai cikin Agusta ya gan ta a mujallar lauyoyi. Duk wanda ya nemi alƙalin aro daga ɗaya ga Satumba, gunduma ta sauke kayan. Alƙalin ne zai ɗora kuɗin a kan wanda ya nema, ko a kan gadon, yadda ya ga ya dace. Wanda ya shigar kafin ranar, tsohuwar doka ce a kansa. Da kwana tara na makara, Lorene.

A ƙarshen shafin ya rubuta, "Na kira ƙanwarki ranar sha biyu ga Agusta, na sake kira ranar ashirin da biyar. Ta ce kin sani, kin ce sai bayan biki."

Na sa hannu duk da haka. Kessler kyauta ne, amma na san abin da kyautarsa za ta ci mini.

Tambaya ɗaya gare ni, kuma ki amsa a rubuce, don kada a ce ban ji ba. Ya kira ki?

Vlasta

Ofishin Kwamishinan Gunduma, Shiyya ta Biyu
15 ga Satumba

Vlasta,

Bayan gaisuwa. Kolacin ya yi daɗi, ya kusa kamo na Mama.

An sanar da ni kin nemi alƙalin aro. Haƙƙinki ne. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara, kuma bana mai aro shi ke biyan wanki.

Kin tuna makon nan na Maris da kika aiko a ce Mama tana kiran sunana, aka ce miki ina kasuwar shanu? Ina Austin, babban birnin jiha, a gaban kwamitin majalisa a kan dokar nan, ni da kwamishinonin ƙananan gundumomi goma sha biyu. Na gaya musu gaskiya, bai dace talakan da ke jiran a cike masa ramin hanya ya biya kuɗin faɗan 'yan gida ɗaya a kan kwanukan uwarsu ba. Don gunduma na yi, lokacin ban ma san da takardar man shanu ba. Allah ne ya haɗa.

Matar da za a turo miki, mil ɗari da talatin za ta riƙa tahowa. Kowane zuwa akwai ladan yini, akwai mai, akwai otal, akwai mai rubuta bayanin kotu. Lauyana kuwa mutum ne mai yawan uzuri. Ga ciwon ƙoda, ga 'ya mai shirin aure, ga wasu shari'o'in a wasu garuruwa. Ina jin kafin a gama, matar nan za ta san hanyarmu kamar ta gidansu. In kin ci, gidan za ki sayar ki biya ta. In kin faɗi, kin ga biyu babu.

Ɗakin nan na bayan asibiti yana nan, amma ba zai jira ki har abada ba. Tsohuwar da ke ɗakin kusa da shi ta mutu makon jiya, an ce nata ya fi shan iska, in kina so in sa a canza miki.

Na bar ki lafiya.

Alfons J. Holub
Kwamishina

Houston, 2 ga Oktoba

Yaya,

Na gaishe ki. E, ya kira.

Ba zan yi miki ƙarya ba, kuma ba zan durƙusa ba. Tun watan Yuni Fonsi ya gaya mini zancen dokar. Kukan da na ce na yi, da gaske na yi shi. Mutum yana iya kuka kuma ya san inda yake taka ƙafarsa.

Ke kin samu Mama. Ni me na samu? Ina 'yar shekara goma sha takwas na bar gidan nan, ko sau ɗaya ba ta ce in dawo ba. Ranar aurena na roƙe ta littafin girkin, ta dubi hannuna ta ce wannan ba hannun ƙulli ba ne. Yanzu ga shi a cikin wannan littafin ta rubuta ni a abin da ya rage. Abin da ya rage, Yaya, kamar ƙanzo.

In an sayar wa masu tsakuwa, kashi ɗaya cikin uku nawa ne, kuma shi ne abu na farko da zai taɓa fitowa daga gidan nan da sunana. Ban cuce ki ba. Shiru kawai na yi, ke kuma shiru ba baƙonki ba ne.

Ki bar tumatirin, likita ya hana Ray.

Lorene

Lipina, 20 ga Yuli

Zuwa ga Alfons da Lorene,

Ina gaishe ku duka. Wata goma ban rubuta wa kowa ba, yau kuma takarda ɗaya na yi kwafi biyu, don ƙafata ba ta son zuwa gidan waya sau biyu. Lorene ba ta zo kotu ba, kai kuma Alfons ka fita kafin a gama, saboda haka ku karanta a tsanake.

Sau bakwai Mai shari'a Ochoa, alƙalin aron, ta zo. Sau biyar lauyanka yana da uzuri. Duk ranar da na ga 'yar farar motarta a gaban kotu sai in ji kamar an cire wa gidan Mama katako ɗaya. Cikin hunturu na rufe ɗakuna uku na zauna a ɗakin girki, ina kallon abin da zan iya ɗauka zuwa ɗaki ɗaya da banɗaki. Na tsorata, ba na jin kunyar faɗa. Abin da ka so ke nan, kuma ka samu.

Ranar zama na gaskiya, matar nan ta sa aka ajiye mini wani allo da ke rubuta duk abin da aka faɗa. Rabona da jin kowace kalma a ɗaki ya fi shekara goma. Pruitt ya miƙe da ƙyar ya ce, "Kwamishina, shanun nan goma sha huɗu da tarakta, na wa ne?" Ka ce, "Nawa ne, Mama ta ba ni kyauta." Ya ce, "Yaushe?" Ka ce, "Ranar Ista, shekara biyu kafin ta rasu." Ya ce, "Da hankalinta ta ba ka?" Ka buga tebur ka ce, "Garau take, ranar ta fi ka hankali." Sai tsohon ya buɗe littafin girki ya ce, "To wannan Talatar bayan Istar ce. Cikin kwana biyu hankalin ya gudu?" Daga nan ka ɗauki hularka.

Ga hukuncin. Wasiyyar littafin girki ta tabbata, gida da fili da gurbin gefen Mama nawa ne, ni ce mai rabo. Shanu da tarakta naka ne, tunda ka rantse. Kuɗin alƙalin aro dala dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu. Ta ce dokar da ka je ka roƙo ta ba ta zaɓi, kuma tunda ba ni na yi ta ɗage zama ba, ba za ta ɗora a kaina ba, a kan gadon ta ɗora. Nauyin gado kuwa daga abin da ya rage ake fara sauke shi, kafin a taɓa abin da aka ambaci mai shi.

Na zauna na duba abin da ya rage. Kuɗin banki jana'iza ta cinye. Shanu da tarakta ka fitar da su da bakinka. Sai na je wurin Fada ya buɗe mini littafin maƙabarta. Ban da nawa, gurbi biyu babu kowa a ciki, kuma har yau da sunan Mama suke. Na Lorene, da naka.

Akwai wani likitan haƙori a Houston, kakansa ɗan Lipina ne, ya shekara shida yana roƙon Fada wurin kwanciya shi da matarsa. Ya ba da dubu goma sha biyu a kan gurbin biyu, kotu ta amince. Ciniki zai kammala ɗaya ga Satumba da tsakar rana. Kafin lokacin mai rabo kaɗai ke iya janyewa, da takarda shafi ɗaya. Canjin ɗari shida ne, za ku samu ɗari uku-uku a ambulan.

Lorene, kin yi kukan an rubuta ki a abin da ya rage. Yanzu babu abin da ya rage, kin huta.

Alfons, na san wadda ke kwance a gefen gurbin nan. Kwana uku na yi ina laluben tausayi a jikina, ban samu ba. Ina jin tare da shanun aka kwashe shi.

Ku huta lafiya.

Vlasta Holub

Lipina, 11 ga Agusta

Yaya Vlasta,

Ina gaishe ki, ina gaishe ki da aiki. Ki yi haƙuri da rubutun, da hannuna nake yi, ba a ofis ba.

Sau biyu na zo gidan na yi ta bugun ƙofa. Na ga labule ya motsa. Wataƙila ba ki ji ba.

Ga ceki a ciki, dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu cif. Ki biya gunduma da shi. Shanun zan dawo da su, da maruƙan da suka haifa, da taraktan, na ma sa masa sabbin tayoyi. Na je wurin likitan har Houston, na ce zan ninka masa, ya ce shi ba kuɗi ya rasa ba, wurin kwanciya ya rasa. Na je wurin Kessler, ya ce ba hannunsa. Na je wurin Fada, ya ce littafi littafi ne. Pruitt ya ce sa hannunki kaɗai, kafin tsakar ranar ɗaya ga wata.

Ban roƙe ki don ni ba. Na san abin da na rubuta miki, kuma na san yana nan a ajiye. Ki tuna Josie ba ta yarda ta kwana da fitila a kashe. A asibiti, ranar ƙarshe, ta tambaye ni ko can ma ita kaɗai za a bari. Na ce a'a, ina nan tafe, a gefenki zan kwanta, ki ajiye mini wuri. Shekararta shida, ta yarda da ni. Ke kika ɗinka mata farar rigar da aka sa ta a ciki, ke kika yi mata kitso. Yanzu wani da bai san ko sunanta ba shi zai kwanta a wurin.

Charlene ta daina cin abinci. Ni kuma ranar Lahadi na durƙusa zan share gurbin, sai na rasa ko ina da ikon taɓa shi.

Ki riƙe gidan, Yaya, dama naki ne. Ki bar mini ƙafa shida ɗin nan. Don Allah.

Ƙanenki,
Fonsi

Lipina, 24 ga Agusta

Fonsi,

Na gaishe ka, na gaida Charlene. Wasiƙarka ta iso, ga cekinka na mayar.

Ka san al'adarmu, ba a ɗaga irin wannan magana ana shirin biki. Ga dozin tamanin a gabana, ni kaɗai. Bikin bana shida ga wata ne. Ka zo Talatar bayansa, ni da kaina zan buɗe maka ƙofa.

Takarda ce shafi ɗaya, ba ta ruɓewa. Ka bari sai bayan biki.

Yayarka,
Vlasta